Motar da Ba Ta Ciwo Gaban Makanike

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina gyaran wutar mota a unguwar Zariya, ni Sha'ibu, kuma wallahi ban taɓa haɗuwa da munafukar mota irin ta Alhaji Maman Lawali ba. Baƙa ce, ƙatuwa, an sauko da ita daga Kwatano shekara uku da suka wuce. Sitiyarinta irin na zamani ne, wanda wani ɗan inji na lantarki ke taya direba murzawa. In yana aiki, da ɗan yatsa ɗaya za ka juya ta. In ya ɗauke, sai dai Allah shi ba ka ƙarfi.

Ran Litinin da safe Idirisa ya shigo da ita garejina. Idirisa direban Alhaji ne, shekara ashirin da shida yana tuƙa shi, tun Alhaji na da tsohuwar mota guda ta dakon albasa. Dattijo ne siriri mai farin gemu, irin mutanen da in suka yi magana goma a yini to ranar sun yi surutu. Muka gaisa, na miƙa mashi benci, ya zauna a gefe-gefe kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Ya ce, "Sha'ibu, ran Juma'a za a karɓe mani makulli."

Na ce, "Subhanallahi! Me ka yi, Malam Idi?"

"Wai na tsufa."

Da ƙyar na tatso labarin daga bakinsa. Wata huɗu ke nan, haka kawai yana cikin shan kwana sai wata fitila ta kama a gabansa, sitiyari ya ƙage kamar an yi mashi walda. Sai ya sa ƙarfinsa duka kafin motar ta juya. In ya kashe inji ya sake tadawa, sai ta koma lafiya lau kamar ba ita ba. Ran Alhamis da ta wuce ta yi mashi haka a ƙofar sito, saura ƙiris ya kwashe ginshiƙin ƙofa, ga Alhaji a baya tare da baƙi biyu.

An kai ta gareji uku. Na farko ya canja batir, ta yi mako biyu shiru, sannan ta dawo da halinta. Na biyu ya ce a kawo ta lokacin da take yi, sai ka ce da takardar gayyata take yi. Na uku yana da baliz, na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya jona, ya goge duk abin da motar ta ajiye a ƙwaƙwalwarta, sannan ya sake jonawa. Abin mamaki, sai bai ga komai ba! Ya buga takarda da Faransanci cewa mota lafiyarta ƙalau, har da hatimi.

Takardar nan tana hannun Nasser, babban ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga karatu Yamai da tabarau da ilimin komai da komai. Idirisa ne ya riƙa kai shi lekol, wato makarantar boko, yana goge mashi majina da hannun riga. Yanzu shi ne ya zaunar da ubansa ya yi mashi bayani cewa na'ura ba ta ƙarya, tsoho ne hannunsa ya mutu. Kuma cikin ikon Allah yana da wani aboki, Maliki, da ya iya tuƙi kuma ba shi da aikin yi. Alhaji ya yanke magana: in makanike ya nuna laifin mota ne kafin Juma'a, to, in ba haka ba Idirisa ya je ya huta. Masu hali ba su korar mutum, hutar da shi suke yi.

Na ce, "Bar mani ita. Kai ma zauna, ba inda za ka."

Na fara da inda kowa ke farawa. Na duba kawunan batir, a ɗaure suke tam. Na bi wayar da ke ɗaure da jikin mota na kankare tsatsarta. Na kwanta ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na zare kowace mahaɗa na hura na mayar, na girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Ni ma ina da baliz, na jona, ba komai, tunda wancan gwanin ya riga ya share. Sai na ɗauko mitar awon wuta na maƙala a batir, na ce wa Idirisa daga bayan murfin inji, "Kunna komai!" Ya kunna fitilu, rediyo ya kama, masu share gilashi suka hau rawa. Mita ta tsaya kan sha uku da ɗoriya. Maƙwabcina mai walda yana ta ƙara da janareta, ko kaina ba na ji. Na ce wuta lafiya, na rufe murfi.

Ran Talata na ce ƙila girgiza take so. Muka kama hanyar Jiratawa, muka bar kwalta, muka shiga hanyar gonar zogalen Alhaji inda ramuka suka fi hanya yawa. Na sa shi ya bi ta cikin kowane rami. Haƙorana suka yi ta karo, manoma suka bar ban ruwa suna kallon mahaukata biyu a motar masu kuɗi. Sitiyari kuwa sumul, yana juyawa kamar an shafa mashi man shanu.

A hanyar dawowa na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na riƙa satar kallon hannuwan tsohon, ina cewa a raina, anya yaron nan mai tabarau bai yi gaskiya ba? Ya lura, ya mai da idonsa kan hanya. Hakan ya fi zagi ciwo.

Don in kore kunya na ce, "Malam Idi, tuna da kyau. Da safe take yi ko da rana? Cikin ruwa? Bayan doguwar tafiya?"

Ya yi tunani har muka wuce wata amalanke. Ya ce, "Ba ta da lokaci. Abu guda na sani, ba ta taɓa yi mani ina ni kaɗai ba. Sai Alhaji na ciki."

Da na faɗi haka a gareji, nan take mai walda da maƙwabcinmu mai faci suka gano ciwon da ya gagari makanikai huɗu. Ɗaya ya ce sammu ne, ɗaya ya ce ai motocin Kwatano da aljanunsu na ruwa suke zuwa. Na ce madalla, gobe sai su kawo mani aljanin in auna shi da mita.

Ni dai abin da ya zo mani shi ne nauyi. Alhaji Maman Lawali, Allah shi ƙara mashi lafiya, ba ƙaramin mutum ba ne. Na ce ƙila in ya zauna kujera na danne wata waya a ƙasa. Ran Laraba muka tafi Tsibiri gidan surukin Idirisa, muka ari buhun hatsi, muka zaunar da shi a kujerar Alhaji. Na dube shi na ce a ƙaro rabin buhu, kada mu rage wa bawan Allah daraja. Muka ɗaura masu bel, muka yi ta zagaya bayan gari, kwana hagu, kwana dama. Ko gezau.

Ga shi tsakiyar bazara, midi ta yi, sha biyun rana ke nan, rana kamar ta sauko ta zauna kan rufin motar. Gilasai a buɗe amma iskar da ke shigowa ta tanderu ce. Rigata ta manne da bayana, zuciyata ta ɓaci, saura yini ɗaya ban gano komai ba. Na kai hannu zan danna kilim, na'urar sanyaya mota, in sha sanyi ko na minti biyar ne. Caraf, Idirisa ya riƙe mani wuyan hannu.

"A'a, Sha'ibu. Ba a kunnawa."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. In Alhaji ba ya ciki ba a kunnawa. Tana shan mai."

Na juyo na dube shi sosai. "Tun yaushe?"

"Tun motar farko mai kilim. Shekara sha tara ke nan."

"To shekaranjiya da na ce ka kunna komai fa?"

"Ai na kunna komai." Ya faɗi haka da zuciya ɗaya. A wurinsa kilim ba ta cikin abin da direba ke da shi, ta Alhaji ce, kamar hularsa.

Na ce ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Kaina ya yi zafi, rabi haushinsa, rabi haushin kaina. Shekara ashirin da ɗaya ina wanga aiki, in auna wutar mota ban tabbatar kilim na aiki ba! Da wani ya yi haka da na yi wata guda ina ba da labarinsa.

Na ce, "Faɗa mani daidai yadda ake yi in Alhaji zai fita."

Ashe kafin Alhaji ya fito sai an tada mota an kunna kilim gaba da baya har ƙarshe, an jona ɗan firigon da ke sanyaya mashi ruwa. In ya shigo kuma ba tafiya za a yi ba. Motar ce ofishinsa. Zai jingina ya kira Kwatano, ya kira Kano, ya yi faɗa da direbobin tirela, rabin awa ko fi, mota na tsaye inji na ɗan numfashi. Sai ya gama zai ce a tafi. Kuma in ka lura, in ji Idirisa da kansa yana faɗi yana mamaki, yawanci a kwanar farko ko ta biyu take yi.

Na ce, "Kunna."

Ya ce, "Sha'ibu, amana ce."

"Malam Idi, jibi za a ba Maliki makullinka da amanar duka. Kawar da kai, ni zan danna, in an tashi hisabi ka ce ni ne."

Ya kawar da kai kuwa, da gaske, ya juya fuska wajen taga. Na danna kilim, na jona firigo, na ɗaga gilasai, na ja wayar mita ta ƙofa na ɗora ta kan cinyata. Muka zauna mu biyu da buhu ɗaya da rabi muna shan sanyi. Tsohon ya takure kamar wanda ya shiga ɗakin surukarsa. Mita ta fara da sha uku. Minti biyar ta koma sha biyu da rabi. Minti ashirin tana leƙen sha ɗaya.

Na ce, "Yanzu ja a hankali, ka sha kwanar nan."

Ya ja. Yana fara murzawa mita ta faɗo, fitila ta kama, sitiyari ya tsaya cik. Na kama da hannuna in ji, wallahi kamar ka ce za ka murɗa turmi da aka binne. Ya taka birki yana kallon fitilar.

Ya ce, "Ka gan ta ko? Kai ma ka gan ta?"

Na ce, "Na gan ta, Malam Idi. Ka yafe mani."

Ciwon ba wani abin a zo a gani ba ne. Dinamon da ke cajin batir ne ya gaji. In ana gudu kan kwalta yana ɗan taɓukawa, in mota na tsaye kilim da firigo na zuƙa, abin da yake bayarwa bai kai abin da ake sha ba, sai batir ya yi ta ramewa. Injin sitiyari kuwa ba ya cin wuta sosai sai ana juyawa a hankali. In ya nema bai samu ba sai ya kashe kansa, ya bar direba da Allah. Abin da ya sa batir bai taɓa mutuwa gaba ɗaya ba, duk wutar da Alhaji ya shanye da wayarsa, Idirisa ne ke mayar da ita in an aike shi shi kaɗai cikin zufa. Kuma kowane gareji a haka yake kai ta, gilasai a buɗe, batir a cike.

Idirisa ya ce in gyara yau-yau. Na ce ina! In na gyara, mota ta zama lafiyayya, daidai abin da takardar Nasser ta faɗa. Wa zai yarda da bakin makanike a kan hatimi?

Ran Alhamis da hantsi na bi shi sito. Na durƙusa na gaida Alhaji, na ce, "Allah shi taimaki Alhaji, na ga wani abu, amma na fi son ka gani da idonka. Ka shiga ka yi wayarka yadda ka saba." Ai kuwa bai yi musu ba, dama zafi ya ishe shi. Ya shiga ya kama Kwatano da faɗa. Nasser na tsaye a inuwa da takardarsa a aljihun gaba, an ninke ta yadda hatimi zai leƙo. Maliki na gefensa da sabon takalmi, ya zo ganin motarsa.

Da Alhaji ya yi kusan rabin awa, na je wurin Nasser na sassauta murya. Na ce, "Ni jahili ne, ban iya karanta takardar nan ba. Tunda mota lafiya take, don Allah ɗan zagayo mana da ita filin nan, tsoho ya ga yadda ake yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba Idi, ba ni wuri." Idirisa ya koma kujerar gefe. Na riga na duba filin, ba kowa, ba komai sai tulin buhunan wofi a can gefe. Nasser ya ɗora yatsa biyu kan sitiyari, ya ja, ya fara kwana. Daga inda nake na ga kafaɗunsa sun tashi. Yatsa biyu suka zama hannu biyu, ya miƙe daga kujera yana ja da jikinsa duka, mota kuwa ta nufi inda ta ga dama. Idirisa ne ya ce mashi "Birki!" sannan ya tuna akwai shi. Suka tsaya hancin motar cikin buhuna, ƙura ta tashi, tabarau na ƙasan kujera.

Nasser ya fito yana haki, Faransancin duk ya gudu, da Hausa tsantsa ya ce, "Wallahi ba ta juyuwa!"

Na ce, "Haba dai! Kai da ƙuruciyarka? Duba takardar mana, ƙila ta faɗi yadda ake yi." Sannan na juya wurin Alhaji da ya sauke gilashi, na yi mashi bayanin dinamo. Na ƙare da cewa, "Abin da ya gagari ɗanka sau ɗaya a fili, shi wanga dattijo yake kokawa da shi wata huɗu cikin kasuwa da kan hanya, kana baya, ko fenti bai kankare ba."

Na zaci a nan Alhaji zai ce wani abu. Ya dubi ɗansa, ya dubi Idirisa, ya gyara hula.

Ya ce, "To Idi, ai da ka faɗa."

Wata huɗu bawan Allah yana faɗa! Na buɗe baki, Idirisa ya harare ni, na rufe. Alhaji ya karɓi makulli daga hannun Nasser ya jefa wa Idirisa a cinya, ya ce a kai wa Sha'ibu ya gyara, gobe akwai masallaci. Maliki ban ga lokacin da ya sulale ba. Har na juya Alhaji ya kira ni.

"Jiya da kuka gano abin nan, wa ya kunna kilim?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Baƙi muka ɗauko daga Tsibiri, manya ne, ba su son zafi." Ya ce to, kada a saba.

Yinin ranar na sauke dinamo na sa wani, na bar mota tsaye awa guda kilim da firigo da fitilu duk a kunne, mita ba ta motsa daga sha huɗu ba. Na murza sitiyari da ɗan yatsa har na gaji.

Juma'a da hantsi Idirisa ya zo ɗauka, da farar riga wankakkiya. Na miƙa mashi makulli ina dariya, sai ya karɓa da hagu. Na tsaya. Dattijon da ko ɗan ƙaramin yaro ba ya miƙa wa abu da hagu, yau ni zai yi wa? Na ce cikin wasa, "Malam Idi, daga dawo maka da aiki har ka fara raina mutane?"

Ya dubi wajen mai walda, ya ja ni bayan mota. Ya gwada ɗaga hannun dama, bai kai ƙirji ba ya tsaya, gumi ya tsatso mashi a goshi.

Ya ce, "Tun wata na biyu wani abu ya tsinke mani a kafaɗa, a kwanar gonar Jiratawa. Ina ta lallaɓawa. Jiya da Nasser ya ruɗe na kai hannu in taya shi ja, to shi ke nan. Yau ko kofin shayi ban iya ɗagawa ba, mai ɗakina Tahira ce ta sa mani riga."

"Inna lillahi! Ka je likita?"

"In je likita a ba ni takarda? Ka ga abin da takarda ta yi mani." Ya sassauta murya. "Yanzu ai da yatsa take juyawa, ko ba haka ka ce ba? Hagu ya isa. Sha'ibu, in Nasser ya ji wannan, maganarsa ta zama gaskiya. Don girman Allah kada ka faɗa."

Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga. Na gyara motar, na wanke shi tas gaban kowa, ashe ta riga ta mai da shi abin da suka ce. Na ce mashi ban ga komai ba.

Ya shiga ya zauna, ya sauke gilasai. Ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama daga cinyarsa ya ɗora shi kan sitiyari, ya gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya, yadda wanda ke kujerar baya zai ga hannu biyu. Sannan ya ja motar ya tafi ɗauko Alhaji.